Katin Matacciya

Sau uku yarinyar ta zura katin cikin ɗan injinta, sau uku injin ya yi ƙara ya tofo wata ƴar takarda. A na ukun ko kallona ba ta yi ba, ta turo mini katin ta ƙarƙashin gilashi da kan farcenta.

"Mama, ya ƙi."

"Wa ya ƙi?"

"Katinki. Bankinku ya hana."

"Banki ba ya hana mutum abinshi. Sake sawa."

"Na sa sau uku, Mama. Akwai mutane a bayanki."

A Kano ke nan, a wani asibitin ido, ranar Talata da hantsi. Sunana Gogo, ƙauyenmu na yamma da Cadakori. Idona na hagu ya mutu shekara huɗu da sunka wuce. Na dama shi ke tafiya yanzu, daga gefe yake cinyewa yana matsowa tsakiya. Likitan Maradi ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai aiki. Ya kuma gaya mini gaskiya: abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya saura kaɗai ake tarewa. Mai yin wannan aiki sau ɗaya yake zuwa asibitin nan a wata, kuma ranar ce wannan.

Ɗana Surajo, da ke sayar da takalma a Abijan, shi ya tara kuɗin. Na ce ya aiko in ɗaure a lalitata yadda na saba. Ya ce a'a, hanyar Jibiya ba ta ɗaukar kuɗi ba ce yanzu. Da ya zo sallah ya kai ni banki a Maradi, na dangwala yatsa, anka ba ni wannan kati. Sunka nemi lambar waya. Ni ba ni da salula, ba na ganin lambobi, sai Surajo ya ba su ta ƙanena Hamisu, tunda shi ne namijin gida kuma wayarshi ba ta rabuwa da wuta.

Wani mai ƙaton rawani a bayana ya ce, "Hajiya, in babu kuɗi a matsa mana. Ku ƴan Nijar sai ku zo da roba ku tsayar da layi."

Na juya gaba ɗaya, don sai na juya nake ganin mutum. Na ce, "Kakana daga Katsina ya tashi da jakinshi tun naka bai san wando ba. Kai wa ya aike ka? Da ciwon bakinka ka zo a duba, sun kawo ka ɗakin ido."

Ɗiyata Lubabatu ta ja ni gefe. Ita ta rako ni, ta yi lakol, makarantar boko, shekara uku, tana karanta lambobi. Ta kai ni ga injin da ke jikin bango, ya ƙi. Ta kai ni ga wani mai laima a bakin titi da ke ciro ma mutane kuɗi, ya gwada, ya miƙo mata katin yana girgiza kai. Ta ari wayarshi ta kira Hamisu sau bakwai, tana ta ruri ba a ɗauka. Ta samu Surajo. Ya kira bankin daga can, sunka ce mishi da mai asusu kaɗai suke magana. Na ji muryarshi ta karye a waya. Ba shi da sauran abin aikowa, komai na cikin robar nan.

Tun da safe wata ma'aikaciya ta zana mini alama da alƙalami baƙi a kan girar dama, don kada a yi kuskuren ido. Da alamar nan a goshi na zauna kan benci ina jin ana kiran sunaye. An kira nawa sau biyu. Lubabatu ta je ta roƙa, anka ce sai da takardar biya. Bayan azahar anka ba wata tsohuwa daga Bichi wurina. Da la'asar likitan ya fito, na ji ƙarar takalminshi ya wuce ta hagunina, inda ba na gani. Anka rubuta mana wata Talata, bayan mako huɗu.

Ban wanke alamar ba. Ina alwala ina kewaye ta da yatsa, Allah Ya yafe mini. Da ita na ƙetaro iyaka, da ita na sauka tashar Maradi, na ce ma mai kabu-kabu ya kai mu banki, ban ko biya ta gida ba.

Mai gadi ya ce in ɗauki lamba in jira. Na ce na jira a Kano, jirana ya ƙare. Na buga sandata kan gishe, tagar masu amsar kuɗi, har wata mai jan baki ta zabura. Anka fito da wani yaro mai ƙulla igiya a wuya, wai shi ne mai kula da irinmu, sunanshi Maharazu. Ya shigar da mu buronshi, wani ɗan ofishi mai sanyi kamar randa.

"Gogo, ki zauna, ki sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Ka ga wannan?" Na nuna mishi goshina. "Alamar wuƙar likita ce. Wuƙar ba ta sauka ba saboda robarku. Kai ka ci kuɗin ko ubangidanka?"

"Subhanallahi, Gogo, ba wanda ya ci komai."

"To ina suke?"

Ya amshi katin da kart ɗina na ɗan ƙasa, ya daddana injinshi. Yana ta murmushi irin na ma'aikata, sai na ga murmushin ya tsaya. Ya dubi injin, ya dube ni, ya sake duban injin.

"Mi ka gani? Faɗi."

"Gogo… a nan an rubuta kin rasu."

Lubabatu ta ce, "Innalillahi!" Ni kuwa dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi.

"Yaushe?"

"Talatar nan, da hantsi."

"Allah sarki. Kun je gaisuwa? Ko goro kun aika na sadakar uku?"

Ya share goshi ya yi bayani. Wai in anka sa kati a wata ƙasa karon farko, kuma mai shi bai sanar da zai yi tafiya ba, sai mutanensu na Yamai su tsayar da shi, su kira lambar da ke rubuce su tambaya, don ɓarayi sun yi yawa. Sun kira. Namiji ya ɗauka. Sunka tambaye shi ko Gogo ta yi tafiya Kano. Ya ce Gogo ta rasu tun bara, an binne ta, kada a sake kiranshi. Daga nan sunka kulle komai sai magada sun zo.

"Da kun sanar da mu za ku fita ƙasa," in ji Maharazu, "da duk wannan bai faru ba."

"Wa ya gaya mini? Ranar da na dangwala muku yatsa, mi kunka ba ni? Kalanda! Kun dubi mace mai ido guda, shi ma rabi, kun ba ta kalanda mai hoton gininku. Ko ɗayanku bai buɗe baki da Hausa ya ce, tsohuwa, in za ki ƙetare iyaka ki leƙo ki faɗa ba. To ga ni. Taɓa hannuna. Da ɗumi ko babu?"

"Da ɗumi, Gogo."

"To rubuta cikin abin nan naka cewa ta tashi."

"Ba ni da iko. Abin da Yamai ta kulle, takarda ke buɗe shi."

Takardar shaidar rai ake ce mata. A meri, ofishin magajin gari, ake yin ta, mutum ya je da ƙafarshi da shaidu biyu. Ya ce kuma tunda ga yadda abin ya zo, gara ɗaya cikin shaidun ya zama shi wanda ya faɗi mutuwar, ya sa hannu cewa ƙarya ya yi.

Na ce, "Ni da nake tsaye gabanka ina zaginka, sai takarda ta gaya maka ina da rai?"

"Haka tsarin yake."

"Tsarinku ya ci mini wata guda na ido. Rubuta wannan ma."

Na tarar da Hamisu gindin iccen bedin ƙofar gidanshi yana ɗaure ƙafar amalanke. Da ya hango ni ya miƙe da fara'a.

"Yaya! Barka da hanya. An yi aikin?"

"Da wa kake magana? Ai Gogo ta rasu tun bara."

Igiyar ta faɗi daga hannunshi.

"Wace maƙabarta ka kai ni, Hamisu? Nuna mini kabarin in je in kwanta, na gaji."

"Yaya, ki tsaya ki ji."

"Ina ji. Kunnena lafiya lau, shi ba ka kashe ba tukuna."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Lambar da ban sani ba ce ta kira. Mutum mai Hausar birni. Ya kama sunanki, ya kama sunan babanmu. Ya ce kin yi tafiya? Ya ce kina Kano? Ya ce ke ce za ki fidda kuɗi masu yawa haka? Yaya, da wace tambaya anka fara kafin a zo a ɗauki Alhaji Jibrilla? Ba irinta ba ce? Wata biyu ya yi a daji, sai da anka sayar da shanunshi kaf."

"Bai ce maka daga banki yake ba?"

"Ya ce. In kai ne ɗan leƙen asirin ƴan bindiga, cewa za ka yi daga daji nake? Kuma wa ya sa ni na dafa kai na rantse ranar da za ku tafi? Ke kinka ce, kowa ya tambaya, kada in ce kin tafi, kada in ce kina da ko dala."

"Na ce ka ɓoye ni. Ban ce ka binne ni ba."

"Na ga in na ce kina gida za su zo gida. In na ce kina hanya za su tare hanya. Matacce kaɗai ba a zuwa nema."

"Lubabatu ta kira ka sau bakwai."

"Da lambar Najeriya! Bayan wancan kiran? Na ɗauka an riga an kama ku, kuɗin fansa za a faɗa mini. Na zauna ina kallon wayar tana ruri."

"Wato ka ɗauka an kama yayarka, shi ya sa ka ƙi ɗauka. Madalla da ƙane."

Gaskiya ne na sa shi rantsuwa, ba zan ɓoye ba. Duk yankinmu haka muke yanzu. Mai sabon kwano a rufin ɗaki sai ya shafa mishi laka. Wanda ɗanshi ya aiko da saƙo sai ya je rancen gishiri maƙwabta don a gani. Amma sanin wannan bai mayar mini da Talatata ba.

Na gaya mishi zancen meri. Nan take ya ce ba ya zuwa.

"Barandar meri cike take da kunnuwa, Yaya. Kowa ya san talaka ba ya neman takardar rai. Mai fansho ke nemanta, ko mai ajiya a banki. Kina fita da ita labari ya riga ki zuwa daji. Ki bari Surajo ya sake tarawa."

"Shekara biyu ya yi yana tara wannan. Idona zai zauna ya jira shi?"

"Gara ido da rai."

"Idon wa? Rayuwar wa? Kai za ka riƙa ja mini sanda zuwa bayan gida?"

Ya ɗauki igiyarshi ya ci gaba da ɗauri.

Kwana goma sha biyu muna haka. Na aika mishi liman, ya ce sai ya yi shawara. Na aika matarshi, ta dawo tana kuka. Ni kuwa kowace safiya ina da ma'aunina. In na zauna bakin ƙofar ɗakina na miƙe kallo kan turmi, da ina ganin rumbu a dama da turken akuya a hagu. Sati na farko turken ya fita. Ranar ta goma sha biyu na duba, rabin rumbun babu.

Ranar nan na sa Lubabatu ta ɗauko tabarmi uku ta shimfiɗa ƙofar gidan Hamisu. Na sa ta zuba gero cikin ƙwarya, ta ajiye buta da ɗan faranti na goro. Na yafa farin mayafi na zauna tsakiya. Mace ta farko da ta zo wucewa rijiya ta tsaya.

"Gogo, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ni. Hamisu ya sanar da Yamai yau sati biyu, ku ne bai gaya ma ba. Zauna ki yi mini gaisuwa."

Kafin rana ta take tsaka tabarmin sun cika. Wasu na dariya suna rufe baki, wasu na salati. Wata tsohuwar ƙawata ta ce, "Allah Ya jiƙan ki, Gogo, kin yi faɗa a duniya." Na ce amin, ban kuma gama ba. Duk wanda ya zo sai na ba shi labari tun daga injin Kano. Abin da munka ɓoye wata shida, na zazzage shi a titi da bakina.

Hamisu ya fito fuskarshi kamar toka. "Yaya, kin kashe mu."

"Kai ka fara. Gobe kasuwar Cadakori. Ko ka ɗaura jakinka ka kai ni meri, ko gobe a nan za a yi sadakar bakwai, in kira maroƙi."

Ya ɗaura jakin.

Barandar kuwa cike take, yadda ya faɗa. Masu neman takardar haihuwa, masu rigimar gona, da masu zaman da ba ka san abin da ya kawo su ba. Sakataren mutumin kirki ne, ya tambayi sunana da na ubana, ya dubi kart ɗina ya dubi fuskata. Liman ya sa hannu. Da anka zo kan Hamisu sai ya yi magana can cikin maƙoshi.

Na ce, "Ɗaga murya. Da ka kashe ni har Yamai anka ji ka."

"Yayata ce. Tana da rai. Ni na yi ƙarya."

Anka buga hatimi. Na amshi takardar, na fito baranda, na buga sandata a siminti sai da kowa ya yi shiru.

"Ku ji da kyau, don kada mai kai labari ya kai rabi. Ni Gogo ina da kuɗi a banki. Ɗana ya tara su da sayar da takalma. Na aikin ido ne, kuma ba a hannuna suke ba, cikin inji suke. Ranar Talata ta sama likitan Kano zai cinye su tas. Wanda ke da abokai a daji ya gaya musu, in sun zo bayan nan, tsohuwa za su samu mai rabin ido, mai cin tuwo kwano biyu, mai zagi tun asuba. Ba mai fansata, ƙanena ma ya riga ya binne ni."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu sunka bi. Akwai kuma waɗanda ba su yi dariya ba, ban ga fuskokinsu da kyau ba. Hamisu ya kama hannuna, tafinshi jiƙe da zufa, bai sake ni ba har amalanke.

Takardar ta kwana shida tsakanin Maradi da Yamai. Kullum ina buron Maharazu tun buɗe ƙofa, har mai gadi ya daina ce mini in ɗauki lamba. Ranar da anka buɗe asusun, Maharazu ya ce, "Gogo, barka, kin dawo duniya."

"Ba da taimakonka ba. Goge lambar Hamisu, sa ta Lubabatu. Kuma buɗe kunnenka: ranar Litinin zan ƙetare iyaka, ranar Talata za a sa katin nan a Kano. Na sanar ko ban sanar ba?"

"Kin sanar."

"Rubuta. Ka kuma rubuta ma manyanka cewa duk tsohuwar da ta zo dangwala yatsa a gaya mata wannan da Hausa, su riƙe kalandarsu."

Ya ce zai rubuta. Ban gani ba, ban kuma yarda ba.

Da munka koma Kano, yarinyar nan ce dai a bayan gilashi. Ta gane ni, ta zura katin tana kallon gefe. Injin ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya fiddo takarda doguwa.

"Ya wuce, Mama."

"Da ma ba shi ya ƙi ba. Mutuwa na yi."

Likitan ya haska idona ya daɗe, ya duba takardun watan jiya, ya ja tsaki a hankali. Ya ce watan nan ya ci abin da ya ci. Abin da ya saura zai tare, in Allah Ya so ba zai ƙara tafiya ba. Anka sake zana mini alama kan tsohuwar, anka yi aikin.

Yanzu ina gani kamar mai leƙe ta hudar zana. Turmi na nan. Rumbu da turken akuya sun tafi, ba za su dawo ba. Ina zura ƙafa cikin takalmina da kaina, ina zuwa bayan gida ba mai ja mini sanda. Ba wanda ya zo daga daji har yau, ko da yake Hamisu ya ce tun ranar meri bai yi barcin kirki ba. Bankin bai aiko kowa ya ce mini yi haƙuri ba. Na sa Lubabatu ta kai musu takardar ƙara, sun ce tana Yamai. Duk ranar da na shiga Maradi sai na leƙa na tambayi Maharazu ko ita ma ta rasu.

Kwana uku da cire mini bandeji Hamisu ya shigo da sallama. Na ji ya ajiye wani abu, kaza ce, ƙafafunta ɗaure tana fuffuka. Ya tsaya daga dama, wajen da rumbu yake da.

"Yaya, ya jiki?"

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Hamisu."

"Ba na ganin ka a nan. Nan ne wurin da ka ci. Matso tsakiya."

Ya matso. Ga hularshi, ga furfurar da ban san ya yi ba, ga idanunshi sun faɗa.

"Ƙara matsowa hagu kaɗan. Yawwa, tsaya nan. Yanzu na gan ka da kyau, bari in zage ka."

Ya durƙusa a daidai wurin, ya cire hula, ya ce, "Bismillah, Yaya."